Datsun 240Z ɗin kawunka: jikin motar za ka fara dubawa, inji ya jira

Tambaya: Salamu alaikum Masta. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya bar wata Datsun 240Z ta 1972 a gidanmu, sitiyarin hagu, daga Amurka ya kawo ta. Ta fi shekara 15 tana ƙarƙashin mangwaro ba a tada ta ba. Ina so in gyara ta a hankali don sha'awa. Abokaina sun ce in cire injin in sa 2JZ na Toyota ko V8, in sa manyan rim, in sauke ta ƙasa. Don Allah daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya kyauta namu zuwan. Na ji daɗin tambayar nan sosai, domin irin motocin nan yawancinsu masu sayen ƙarfe sun riga sun sare su da guduma sun auna a sikeli, kai kuma ga taka a tsakar gida. Toh abu na farko, maganar 2JZ da V8 ɗin nan ka ajiye ta gefe tukuna. A 240Z inji shi ne abu mafi sauƙi kuma mafi arha, abin da zai gaya maka ko aikin zai yiwu ko ba zai yiwu ba shi ne jikinta, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin fenti da ƙarƙashin kafet.

Amma kafin ka ɗauki ko sufana ɗaya, takardu. Motar nan gado ce, kuma yau da take kwance da tayoyi a sace ba wanda zai ce uffan, ranar da ta fito tana walƙiya a titin Asawase za ka ji wasu sun tuna cewa su ma suna da rabo a ciki. Ka zaunar da magada gaban manya, a yi mata kuɗi yadda take yanzu, ka biya ko su yafe maka a rubuce da shaidu. Daga nan ka nemo takardun kwastan da na rajista, ka je DVLA, wato hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi ta Ghana, ka tambayi abin da suke so don sauya suna daga na mamaci zuwa naka. Ka buɗe bonet ka duba bangon da ya raba inji da cikin mota, akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfen, ta sitiyarin hagu tana farawa da HLS30. Akwai kuma wani ɗan faranti a ɗakin inji mai ɗauke da lambar inji, ka kwatanta ta da wadda ke jikin bulok ɗin, mai farawa da L24. In sun zo ɗaya, to injin da ta fito da shi daga Japan ne ke cikinta har yanzu, kuma masu sanin motar nan a duniya suna ƙara kuɗi sosai a kan wannan kaɗai. Ka ga dalili na farko da ya sa ba na son a yi gaggawar cire shi.

Yanzu tsatsa. Nissan, kamfanin da ke ƙera Datsun, ta fito da motar nan a ƙarshen 1969, kuma ba ta da shasi daban kamar Hilux ko Patrol da za ka ɗaga jiki ka ajiye gefe, jikin kansa shi ne shasin. Ƙarfen kuma siriri ne, shi ya sa nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, sannan a wancan zamanin ba sa yi wa ƙarfe maganin tsatsa kamar yanzu. Ka haɗa wannan da shekara 15 na damina biyu a kowace shekara irin tamu ta Kumasi, da ganyen mangwaro da ke ruɓewa yana toshe hanyoyin ruwan da ke ƙasan gilashin gaba, ruwa ya rasa mafita sai ya gangara cikin mota ya kwanta ƙarƙashin kafet.

Ka samu tocila, da dogon sukundireba, da ɗan maganaɗisu, ka sa tsofaffin kaya domin kwanciya za ka yi a ƙasa. Fara da wurin zaman batir, yana gefen dama can baya kusa da bango. Ruwan batir yana ɗiga a nan shekara da shekaru, yana cin farantin, ya sauka ya ci dogon ƙarfen da ke ƙasansa, wanda shi ne ke riƙe da ƙafar gaba da inji. Ka soka sukundireba da ƙarfi, kar ka ji tausayi, in ya shige to dama babu ƙarfe a wurin. Sai ka ɗaga kafet gaba ɗaya ka duba daɓen ƙafar direba da na fasinja, ka bi dogayen ƙarfen nan biyu da suka bi ta ƙarƙashin daɓen, ka duba dokin ƙofa ta ƙasa, da ɗan kusurwan da ke gaban tayar baya, da ramin safaya taya, da bakin ƙofar but inda ruwa ke taruwa. Maganaɗisun kuma don jikin waje ne, ka naɗe shi da ƙyalle ka riƙa bi da shi, duk inda ya ƙi kamawa to foti ne aka cika a wurin tun zamanin kawu.

In daɓe ne kaɗai ya huje, wannan ba komai, ana sayar da sabon daɓe da dogayen ƙarfen ƙasan da aka buga daidai da na asali, kuma ko babu, a Magazin, wato unguwar makanikai ta Suame a nan Kumasi, akwai masu hannu da za su lanƙwasa maka daga falle. Inda nake jin tsoro shi ne in tsatsar ta ci wurin da ƙafafun mota ke ɗaure, ko kan shokazoba, ko ka buɗe ƙofa ka ga ta sauka ba ta komawa daidai. Wannan alama ce jikin ya fara lanƙwashewa. Ana gyarawa, amma sai an walda sandunan ƙarfe a gicciye a bakin ƙofofi da cikin mota kafin a yanke komai, in ba haka ba kana yanke daɓe motar za ta saki, kuma har abada ƙofa da bonet ba za su sake zama daidai ba. Na sha ganin wannan, mota ta sha fenti mai kyau amma tana tafiya a karkace.

Maganar walda ina so ka riƙe ta da kyau. Yawancin sitiretocinmu, wato masu gyaran jikin mota, da wutar kabaid suka saba, kuma wallahi akwai gwanaye a cikinsu, amma harshen wutar nan yana zafafa wuri mai faɗi, ƙarfen da bai kai kaurin milimita ɗaya ba sai ya kumbura ya yi tudu da kwari, sai a bi da foti mai kauri a rufe. Ka nemi mai injin walda na lantarki irin wanda ake kira MIG, wanda zai riƙa ɗiga waldar kaɗan kaɗan yana tsallakawa yana barin ƙarfe ya huce. Kuma ka ce masa baki da baki za a haɗa, ba a ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓe ba. Ɗora faci a kan tsatsa kamar shafa siminti ne a kan katangar da gara ta cinye ta ciki, daga waje sumul, damina biyu ta zube. Duk inda ya ci a yanke shi har sai an kai farin ƙarfe. Ka je da kanka ka ga waldar da idonka kafin a shafa komai a kai, ka leƙa ta baya ma, a shafa mata faramar epoxy gaba da baya, a zuba kakin hana tsatsa cikin dogayen ƙarfen da dokin ƙofa.

In ka gama dubawa ka ga jikin zai gyaru, kafin a warware motar sai ka gwada injin yana cikinta, don ka san me kake da shi. Kar ka sa batir ka murɗa makulli, wannan shi ke kashe injin da ya daɗe a kwance. Cire fulogi shida ɗin, zuba ɗan man giya na otomatik ko man inji mara kauri a kowane rami, bar shi ya kwana biyu uku. Buɗe murfin saman inji ka zuba mai a kan kamshaf, kuma ka lura da wani siririn bututu da ya bi tsawonsa yana fesa masa mai, ramukansa ƙanana ne suna toshewa, in sun toshe kamshaf zai cinye cikin ɗan lokaci, don haka a cire shi a wanke a busa. Sai ka sa soket 27 a kan notin fulin gaba ka juya da hannu a hankali. In ya juya, alhamdu lillahi. A zubar da tsohon mai, a sa sabo 20W-50 da sabuwar filta, a buga kik ba fulogi har sai agogon mai ya motsa. Fetur kuma daga galan za ka ba shi da sabon tiyo, kar ka yarda ko ɗigo ɗaya daga tsohon tankin ya shiga kafireta, abin da ke cikin tankin nan yanzu ya zama ƙaro da tsatsa. A auna kwamfireshan na silinda shida, in bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, injinka na da rai. Tsarin wutarsa 1-5-3-6-2-4 ne, gibin bawul kuma in inji na da sanyi 0.20 na shiga, 0.25 na fita, a milimita.

L24 inji ne mai silinda shida a jere, lita 2.4, bulok na baƙin ƙarfe, kai na alminiyam, da sarƙa yake tafiya ba bel ba, kuma kamfanin ya rubuta masa ƙarfin doki 151. Yana da wuyar mutuwa. In har ta kai ga cire kan inji, ka gaya wa fitan ya cusa katako tsakanin sarƙar kafin ya cire giyar kamshaf, in bai yi ba abin da ke ɗame sarƙar zai fice daga gidansa, sai an buɗe gaban inji duka. Tunda kan na ƙasa, a duba kujerun bawul, domin an yi injin ne a zamanin fetur mai dalma, mu kuwa tun farkon shekarun 2000 aka daina sayar da shi a Ghana, a sa masa na ƙarfe mai tauri a huta.

Ka yi sa'a da shekarar motarka. Ta 1972 tana da kafireta biyu na Hitachi masu zagayayyen kai, irin tsarin SU na Ingila, su ne masu kyau, waɗanda suka zo a 1973 masu shimfiɗaɗɗen kai su ne suka ba mutane wahala da zafi. Kar ka bari wani ya ce maka sun tsufa a jefar a sa guda ɗaya na wata mota. Abu ne mai sauƙi in an fahimce shi, fistan ne da allura a ciki, iska ke ɗaga shi, akwai ɗan mai da ake zubawa ta sama don kar ya yi tsalle. A wanke, a sauya gasket da ɗan tiyon da ke ƙasan kowanne, a duba ko sandar maƙogwaron ta yi lako-lako tana shan iska, sannan a daidaita su biyun su riƙa jan iska daidai. Tsofaffin fitoci da guntun tiyo a kunne suke yi, su saurari wannan su saurari wancan. Ka nemi dattijon da ya yi aikin tsofaffin Datsun ko motocin Ingila, har yanzu akwai su a Suame in ka tambaya.

Zafi kuwa dole ka shirya masa, don go-sulo ɗin Kejetia da Suame randabawul ba wasa ba ne. Ka kai lagireto a sa masa sabon ciki mai layi uku, a sauya famfon ruwa da duk tiyo, a yi wa fanka rumfa ta yadda za ta ja iska ta cikin lagireton. Kuma don Allah kar a cire tamostat. Na san al'adarmu ce a nan, mota na shigowa daga Tema a cire a jefar, amma inji na son ya yi aiki a zafi guda ne. Ruwan rijiya ko na famfo zalla kuma yana cin alminiyam ɗin kai da murfin gaba, ka sa kulant.

Toh mu dawo kan abokanka. 2JZ mai tabo inji ne na gaske, ba na musu, amma ƙarfinsa ya kai ninki biyu na abin da aka gina motar nan a kai. Jiki mai shekara sama da 50, birkin baya na ganga, ƙaramin difrenshal R180, siraran aksul, duk sai ka sauya su, ka yanke ramin giyabos, ka ƙera mazaunin inji, ka ja sabuwar waya da kwamfuta da famfon mai, kuma kowane ɗaya daga cikinsu wuri ne da aiki ke tsayawa wata da watanni ana jiran kaya ko ana jiran kuɗi. Motocin sha'awa da na gani sun mutu a fitin shop, yawancinsu a daidai nan suka mutu, an cire na asali an sayar, sabon bai zauna ba. Sannan ko ya zauna, ina za ka taka ƙarfin doki 300 tsakanin Aboabo da Ejisu? Daɗin motar nan rashin nauyinta ne da kukan silinda shidan nan in allura ta haura 4,000.

In ƙarin ƙarfi kake so, hanyar da nake ba kowa ita ce L28, yayan injinka ne, lita 2.8, wanda ya zo a 280Z daga 1975 da 280ZX bayanta, kuma an sa shi a Datsun 280C da Nissan Patrol na shekarun 1980, don haka ana iya dacewa da shi a Magazin ko Abossey Okai a Accra. A mazaunin L24 yake zama ba yanka ba walda, kafiretocinka ma za su hau. Sai dai in daga wata motar ya fito ba Z ba, kwanon mai da bututun tsotson mai da ramin sandar auna mai ba lallai su zo wuri ɗaya ba, sai an mayar da su irin na Z. Shi kuma L24 na asali ka shafe shi da mai ka naɗe ka ajiye a ɗaki, kar ka sayar. Duk injin da ka sauya kuma ka koma DVLA a gyara takarda, haka in ka sauya launi.

Ƙa'idata a gyaran tsohuwar mota ita ce duk canjin da za a iya kwancewa da sufana a mayar da na da, bismilla, wanda sai an sa abin yanka kuwa a yi dogon tunani. Giyabos mai giya biyar na 280Z ko 280ZX yana shiga, kuma a hanyar Accra mai kusan kilomita 250 za ka gode masa, inji zai huta mai zai ragu. Distiribita ta 280ZX mai lantarki tana raba ka da wahalar kontak. Altanetarta mai amf 60 ta fi ta asali. Birkin gaba kuwa akwai dabarar da masu Z suka daɗe suna yi, kalifa mai fistan huɗu ta Toyota Hilux 4x4 ta wajen 1979 zuwa 1984 tana ɗauruwa a ramukan naka, a haɗa da babbar masta silinda ta 280ZX, kuma kayan Hilux ai ba su da wuya a garin nan. Duk bututun birki da tiyonsu a sauya su sababbi ko da sun yi kyau a ido, a nan ba a tsimi. Bushin ɗin roba na ƙafafu duka sun mutu, ba sai na gani ba.

Saukar da ita ƙasa kam ban goyi baya ba. Ka dubi ramf ɗin da ke unguwanninmu da ramukan bayan damina, kwanon mai da salansa da sabbin ƙarfen da ka sha wahalar waldawa su za su riƙa dukan ƙasa. Kuma ka san tarihin motar nan a nahiyarmu? Ita ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta, tafiyar sama da kilomita 5,000 cikin laka da ƙura da duwatsu, kuma waɗancan motocin ɗaga su aka yi sama. Ka bar ta a tsayinta da sababbin shokazoba masu kyau. Rim na asali inci 14 ne, in ka je 15 ya isa, za ka fi samun taya mai kyau kuma da sauran nama a gefenta da zai sha rami. Ramukan notin rim ɗin huɗu ne, faɗin da'irarsu milimita 114.3. Rim 17 ko 18 masu faɗi sau da yawa sai an yanke fenda, kuma fendar baya in an yanke ta an yanke ke nan.

Waya ma ka ba ta lokacinta, ɓeraye sun yi shekara 15 suna haya a ciki. Ko ba ɓera, 240Z tana da wani ciwo da aka santa da shi, wutar manyan fitilu tana bi ta cikin makunni da akwatin fiyus kai tsaye, sai wurin ya yi zafi robar ta narke. A sa rile biyu a fitilun, a kankare duk wurin da wayar as ke kama jiki, kuma kar a yarda da fiyus ɗin da aka naɗe da zaren waya. Abin kashe gobara ya kasance a motar tun ranar da za a fara tada ta.

Lokacin warwarewa, ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin a kwance da bayan an kwance, kowane noti da kusoshinsa a leda a rubuta sunan wurinsa. Abubuwan da za su ba ka wahalar samu ba na inji ba ne, su ne gilasai, fitilun baya, dashbod, agogo, bamba, tambarin jiki, da siraran ƙarfen ado na bakin gilashi. Waɗannan ka kwashe su ka kai gida ka kulle, ko sun tsage kar ka yar. Motar da ta daɗe a kowane shop mai ita ba ya leƙowa, ƙananan kayanta sukan yi ƙafa, ba lallai da mugunta ba, yaro ne zai ari noti ɗaya yau, gobe wani ya ari rile. Robobin ƙofa da na gilashi, da kayan kafireta da daɓe, daga Amurka za ka fi samu, in kana da ɗan'uwa a Bronx ko wani gari ka tara odarka ta zo a kwantena ɗaya, ka kuma sa kuɗin kwastan a lissafi.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an gwada ƙofofi da bonet da but sun zauna daidai. Lambar launin asali tana kan wata 'yar takarda a ƙarfen da ke riƙe da lagireto in ba ta goge ba. Ka kai wurin mai oven, wato rufaffen ɗakin fenti, domin a fili lokacin hunturu ƙura za ta zauna a kai, da damina kuma danshi zai sa ya yi hazo. Wajen biyan ma'aikata, ku yi ciniki mataki mataki, a gama daɓe ka gani ka biya, a gama ƙafafu ka gani ka biya, kayan kuma ka saya da kanka ko ku je tare. A ganina fiye da rabin kuɗinka a jiki da fenti zai tafi, kuma aikin shekara biyu ko uku ne ga mai albashi, don haka kar ka ci bashi a kansa, kar kuma ka taɓa kuɗin cefanen gida.

In ta tashi, kwanakin farko ka zaga unguwa kawai kana duba ɗigon mai da ruwa da zafin birki, sai an sake ɗaure notocin ƙafa sannan ka gwada ta a hanyar tafkin Bosomtwe, kusan kilomita 30 ne kuma akwai hawa da gangara da kwana da za su nuna maka gaskiyar birki da lagireto. Yanzu dai abin da nake so ka yi a satin nan, ka share ganyen nan, ka tura ta ƙarƙashin rumfa a kan siminti, kar ka lulluɓe ta da leda don tana riƙe danshi. Sai ka turo mini hoton lambar bango, da farantin ɗakin inji, da ƙarƙashin batir, da daɓen gefe biyu bayan ka ɗaga kafet, daga nan zan iya gaya maka wane irin mai walda za ka nema da abin da za ka fara oda.